Faɗuwa Shida, Ƙuri'a Goma

Duk lokacin da aka gama zaɓe, aka naɗe tabarmar kamfe, waɗanda suka ci suka shiga karɓar barka, waɗanda suka faɗi kuma suka shiga karɓar jaje, ba a rasa wani mai son faranta wa maigidansa rai wanda zai zaro labarin Abraham Lincoln na Amurka ya karanta masa, yana lissafa masa yadda mutumin nan ya faɗi a nan, ya faɗi a can, ya nemi kujerar Majalisar Dattawa har sau biyu bai samu ba, daga bisani kuma ya wayi gari shugaban ƙasa. Sai maigida ya gyaɗa kai, zuciyarsa ta yi sanyi, ya ce a fara shirin zaɓe mai zuwa. Ba na ganin laifin mai rarrashi, domin rarrashin wanda ya faɗi aikin lada ne. Lissafin ne nake tuhuma, domin an tsince faɗuwa an jera, an binne nasara: ba a gaya wa maigida cewa Lincoln ɗin nan ya ci zaɓen majalisar jiharsa ta Illinois sau huɗu a jere tun daga 1834, ya kuma shiga Majalisar Wakilai ta ƙasa da zaɓen 1846. Malaman usulu sun san irin wannan hujja, suna ce mata ƙiyasi tare da bambanci, wato a haɗa abu biyu a hukunci ɗaya saboda kamar da ido ya gani, alhali illar da hukuncin ya rataya a kanta tana wajen ɗaya, ba ta wajen ɗayan.

Saboda haka na ga ya kyautu mu ɗauki mutum guda wanda har yanzu yana raye, alƙaluman zaɓensa kuma suna nan a rubuce ba su riga sun zama tatsuniya ba, mu bi tarihinsa daki-daki ko ma gano inda illar take. Mutumin shi ne Bernie Sanders, dattijon nan mai hargitsattsen farin gashi, wanda masu sauraron labarun duniya suka sani tun da ya ja daga da Hillary Clinton a 2016. Kafin ya taka Majalisar Dokokin Amurka a watan Janairu na 1991, ya faɗi zaɓe sau shida a cikin shekara 16: sau uku yana neman gwamna, sau biyu Majalisar Dattawa, sau ɗaya Majalisar Wakilai.

Filin da ya yi wannan kokawa ita ce jihar Vermont, wata 'yar ƙaramar jiha ta tsaunuka da dazuzzuka da shanun tatsa a arewa maso gabashin Amurka, a kan iyaka da Kanada, wadda a farkon shekarun 1970 mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, wadda kuma saboda ƙarancin jama'arta wakili ɗaya tak take turawa cikin wakilai 435 na Majalisar Wakilai, ko da yake a Majalisar Dattawa tana da biyu kamar kowace jiha. Wakili a can shekara biyu yake yi a sake zaɓe, gwamnan Vermont ma haka, don haka mai sha'awar tsayawa ba ya daɗewa yana jiran dama. Jiha ce kuma da ta yi sama da shekara ɗari a hannun jam'iyyar Rifablikan, har ma a 1936, lokacin da ƙasar duka ta bi Franklin Roosevelt, ita da maƙwabciyar yankinta Maine kaɗai suka ƙi shi. Cikin irin waɗannan manoma masu ƙarancin magana da tsantseni wajen kuɗi ne wani saurayi haifaffen Brooklyn a birnin New York, wanda aka haifa a 1941, ɗan wani Bayahude da ya yi hijira daga Polan yana sayar da fenti, ya zo ya zauna a ƙarshen shekarun 1960 bayan ya gama jami'ar Chicago, yana ɗan taɓa aikin kafinta da rubuce-rubuce, da ya buɗe baki kuwa kowa ya san baƙo ne, abin da yake faɗa kuma shi ne ra'ayin gurguzu, kalmar da a Amurkar wancan zamani ta fi kusa da zagi.

A ƙarshen 1971 wata 'yar ƙaramar jam'iyya mai suna Liberty Union, wadda masu adawa da yaƙin Biyetnam suka kafa, ta yi taro tana neman wanda zai tsaya mata a zaɓen cike gurbi na Majalisar Dattawa, saboda mai kujerar, Winston Prouty, ya mutu. Sanders ya ce ya yarda, aka ba shi, domin ba wanda yake takara da shi a kan kujerar da kowa ya san ba za a ci ba. A watan Janairu na 1972 aka kaɗa ƙuri'a, Robert Stafford ya ci, shi kuwa ya tashi da kimanin kashi 2 cikin 100. A watan Nuwamba na shekarar nan ya tsaya gwamna, ya sauko zuwa kashi 1. A 1974 ya sake neman Majalisar Dattawa, a shekarar da abin kunyar Watergate ya karya lagon Rifablikan har wani saurayi ɗan shekara 34, Patrick Leahy, ya zama ɗan Dimokurat na farko da Vermont ta taɓa aikawa waccan majalisa. Sanders ya sami kashi 4. A 1976 ya koma neman gwamna, ya sami kashi 6, wato ƙuri'a dubu 11 da 'yan kai. Biyu, ɗaya, huɗu, shida. Wanda yake son yaudarar kansa zai dubi wannan jeri ya ce ai ana hawa, a ci gaba. Wanda ya san hisabi kuwa zai ga cewa da irin wannan hawa sai tsufa ya ci mutum bai kai rabin hanya ba.

Abin da ya yi a nan shi ne farkon abin da ya raba shi da sauran masu naci. A 1977 ya bar jam'iyyar, ya bar takara, ya koma yin fina-finan koyarwa yana sayar wa makarantu, har ya shirya wani a kan Eugene Debs, shugaban 'yan ƙwadagon nan da ya nemi shugabancin Amurka sau biyar, na ƙarshe yana cikin kurkuku a 1920, bai ci ko ɗaya ba. Shekara huɗu sunansa bai hau takardar ƙuri'a ba. Ana nan sai wani abokinsa, Richard Sugarman, malamin ilmin addinai a jami'ar Vermont, ya kai shi ga duba sakamakon 1976 unguwa-unguwa maimakon jimillar jiha, sai ga shi kashi 6 ɗin nan ba a warwatse yake daidai wa daida ba: a birnin Burlington, mafi girma a jihar, ya sami kamar ninki biyu na haka, a unguwannin talakawa da ma'aikata kuma abin ya fi. Wannan shi ne abin da malamanmu na tarbiyya suke kira muhasaba, mutum ya zaunar da ransa ya yi masa hisabi kafin wani ya yi masa. Kuma na ɗauka babu muhasabar da ta fi ɗaci ga ɗan siyasa kamar wadda natijarta ita ce: kujerar da kake nema ta fi ƙarfinka, sauko. Mutumin da ya yi shekara biyar yana wa'azi a kan attajiran duniya da bankunan New York da yaƙin Biyetnam, sai ga shi an ce ya nemi magajin garin wani birni da mutanensa ba su kai dubu 40 ba, inda mas'alolin su ne harajin gidaje, da ramukan titi, da kwashe ƙanƙara da hunturu. Ya sauko.

Magajin garin da ke kai, Gordon Paquette, ɗan Dimokurat ne da ya yi wa'adi biyar, ya kuma yi zaman lafiya da 'yan Rifablikan na garin har ba su ga dalilin tsayar masa da abokin hamayya ba. Ganin haka ya raina zaɓen, bai wahalar da kansa da yawon neman ƙuri'a ba, ga shi kuma ya kawo shawarar ƙarin harajin gidaje, ga wani shiri na bai wa wani attajiri bakin tafkin Champlain ya gina gidajen masu hali. Sanders ya tsaya ba da sunan kowace jam'iyya ba, ya bi gida-gida cikin sanyi, ya haɗa masu haya da mazauna gidajen gwamnati da malaman jami'a, har ƙungiyar 'yan sandan garin, waɗanda ke da rigimar albashi da magajin gari, ta mara masa baya, abin da ya toshe bakin masu cewa ɗan tawaye ne. A farkon watan Maris na 1981, makonni kaɗan bayan Ronald Reagan ya hau mulki yana yaƙi da duk abin da ya yi kama da gurguzu, aka ƙirga ƙuri'a, aka sake ƙirgawa, Sanders ya ci da ratar ƙuri'a 10.

Ya kai mai karatu, tsaya a kan goman nan, domin a cikinta akwai abin da zai hana mu wuce gona da iri wajen yabon dabara. Da mutum shida cikin waɗanda suka zaɓe shi sun sauya ra'ayi a safiyar nan, ko da gida biyu sun ji sanyi sun ƙi fita, ko da wasu 'yan takara biyu da suka tsaya a gefe ba su yagi wani abu daga ƙuri'un garin ba, da yau babu wanda ya san sunansa a wajen Vermont, da kuma ni ban sami abin rubutawa ba. Rabo yana da hannu a ciki, wanda ya musa wannan ya yi jayayya da zahiri. Amma malamai sun rarrabe tsakanin tawakkali, wanda shi ne a yi riƙo da sababi sannan a miƙa al'amari ga Mai shi, da kuma naɗe hannu a kira shi tawakkali. Rabon kuwa bai je ya same shi a takarar gwamna ba inda ake ba shi tazarar dubun dubata, ya same shi ne a wurin da ya riga ya rage tazarar har ta zama ƙuri'a goma za su iya yanke hukunci.

Sai kuma abin da masu labarin Lincoln ba su cika son ji ba, wato aiki. Kansilolin garin a lokacin 13 ne, biyu kaɗai ke tare da shi, sauran suka ɗauka kuskure ne jama'a suka yi wanda za su gyara bayan shekara biyu, suka ƙi amincewa da mutanen da ya naɗa, suka bar shi da ma'aikatan wanda ya kayar. Da shekara ta zagayo magoya bayansa suka ci ƙarin kujerun da suka isa su tsare masa ikon hawa kujerar na-ƙi, daga nan aka fara zama da shi dole. Ya sa aka riƙa tallata kwangilar inshorar gari a fili maimakon a miƙa wa 'yan gida, ya kula da kwashe ƙanƙara daga tituna kamar wanda aka haifa don haka, a 1984 gari ya ba da dala dubu 200 aka kafa wata amana ta filaye don talaka ya iya mallakar gida ba tare da farashi ya tsere masa ba, bakin tafkin nan kuma a ƙarshe ya zama wurin shaƙatawar jama'a. Bai bar halinsa ba, ya je Nikaraguwa a 1985, ya je Tarayyar Sobiyet a 1988, abokan hamayya suna ta yi masa dariya cewa ƙaramin gari ya sami ministan harkokin waje; amma mai kanti da ba ya son jin kalmar gurguzu ya ga an share titin ƙofar kantinsa da asuba. Aka sake zaɓensa a 1983, da 1985, da 1987, a na ƙarshen ma manyan jam'iyyun biyu sun taru a bayan mutum ɗaya, bai hana ba.

Faɗuwa biyu da suka rage, ko da yake sunansu faɗuwa, jinsinsu dabam ne da na farko. A 1986 ya nemi gwamna ya sami kashi 14, abin da ya isa ya hana gwamna mai ci, Madeleine Kunin, kai wa rabin ƙuri'a, sai da majalisar jiha ta zauna ta tabbatar da ita kamar yadda tsarin Vermont ya tanada. A 1988 kujerar nan ɗaya ta Majalisar Wakilai ta zama ba kowa, saboda mai riƙe da ita, Jim Jeffords, ya tafi neman Majalisar Dattawa. Peter Smith na Rifablikan ya sami kashi 41, Sanders 38, ɗan Dimokurat Paul Poirier kuwa 19. Wanda ya san siyasar Amurka ya san nauyin wannan sakamako, domin a tsarin da mai rinjaye ko da ƙuri'a ɗaya ke kwashe komai, babban makamin da ake kashe ɗan takara na uku da shi shi ne a ce wa jama'a ƙuri'arku za ta tafi a banza, kuma za ku buɗe wa wanda kuka fi ƙi hanya. A daren nan makamin ya juya: ɗan babbar jam'iyya ne ya zama mai ɓata ruwa. Da aka koma a 1990 manyan 'yan Dimokurat ba su yi wani yunƙuri na gaske ba, Sanders ya kayar da Smith da kashi 56 a kan kimanin 40, ya shiga Majalisar Wakilai ba da tutar jam'iyya ba.

Adalci ya wajabta in faɗi abin da masoyansa suke tsallakewa. Nasarar 1990 ba ta fito daga wa'azin talakawa kaɗai ba. Smith ya goyi bayan hana wasu manyan bindigogi bayan ya yi wa masu bindiga alkawarin ba zai yi ba, sai babbar ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda ba ta da wata alaƙa da gurguzu ko ta kusa ko ta nesa, ta ga gara maƙiyi bayyananne da aboki mai saɓa alkawari, ta umurci mutanenta su kayar da shi. Vermont kuwa ƙasar mafarauta ce. Sanders ya san bashin da ke kansa, ya ƙi goyon bayan dokar Brady ta 1993 mai sa a jinkirta sayar wa mutum bindiga har a bincike shi, abin da Hillary Clinton ta riƙa yi masa gori da shi bayan shekara 20 da wani abu. Da ya goyi bayan wata dokar da ta ƙunshi hana waɗancan bindigogi a 1994 kuwa, saura ƙiris ya faɗi, da tazarar kashi 3 ya tsira. Ga kuma jama'ar jihar kanta ta canja, baƙi irinsa daga manyan birane sun yi ta kwararowa har tsohuwar Vermont ta Rifablikan ta zama labari. Sannan zaman kansa da ake yabo yana da sharaɗi a ƙarƙashinsa: a majalisa da 'yan Dimokurat yake zama, su suke ba shi kujera a kwamitoci, tun daga 2006 kuma al'adarsa ita ce ya shiga zaɓen fid da gwani nasu ya ci, ya ƙi karɓar tutar, ya tsaya da sunansa alhali ya riga ya share filin. Wasu za su kira wannan hikima, wasu su kira shi hila. Ni dai na ga mutum ne da ya gane cewa istiƙama a kan manufa ba ta hana sulhu a kan hanya, ya kuma biya kuɗin sulhun da wani yanki na tsarkin da ya fara da shi.

Wanda ya ƙi biyan wannan kuɗi yana nan a cikin labarin, kuma saboda shi ne rabin wannan maƙala. Peter Diamondstone, lauya ne shi ma daga New York, yana cikin waɗanda suka kafa Liberty Union, abokin gwagwarmayar Sanders ne a farkon tafiya. Bai bar jam'iyyar ba, bai sauko ba, bai yi sulhu da kowa ba. Tun daga 1970 har zuwa 2016 kusan babu zaɓen jiha da ba a ga sunansa ba, yau babban lauyan jiha, gobe gwamna, jibi Majalisar Wakilai ko ta Dattawa, har ya tsaya gaba da tsohon abokin nasa fiye da sau ɗaya yana ganin ya sayar da aƙida. Bai ci ko ɗaya ba har ya mutu a 2017. In haƙuri da yawan tsayawa su ne illar nasara, to Diamondstone ya fi Sanders cancanta nesa ba kusa ba. Ba na yi masa izgili, domin ayyuka suna bin niyya, kuma mai yiwuwa ne shi bai taɓa nufin kujera ba, mumbari yake nema, zaɓe kuwa shi ne lokaci guda da doka da al'ada suke tilasta wa manya su zauna kusa da ƙarami a gaban jama'a su saurare shi. Irin wannan yana da amfaninsa a cikin al'umma, kamar mai wa'azin kasuwa da ba ya neman limanci. Sai dai wanda ya zaɓi wannan hanya ya faɗa wa mabiyansa gaskiya, kada ya riƙa karɓar kuɗinsu da guminsu da sunan cewa bana ce shekarar.

Akwai na uku, wanda labarinsa ya fi ban tausayi, domin shi daga sama ya fara. Harold Stassen ya zama gwamnan Minnesota da zaɓen 1938 yana ɗan shekara 31, yana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, a 1948 kuma ya yi kusa ƙwarai da samun tutar Rifablikan ta shugaban ƙasa kafin Thomas Dewey ya sha gabansa. Daga nan ya yi ta nema har sau tara gaba ɗaya, na ƙarshe a 1992, kowane karo jama'arsa na raguwa, har sunansa ya zama abin da masu barkwanci suke buga misali da shi. Shi ma ya gwada saukowa, ya nemi magajin garin Philadelphia a 1959, ya nemi Majalisar Wakilai a Minnesota a 1986, duka ya faɗi. Wannan kuwa ya nuna mini cewa saukowa ita kaɗai ba magani ba ce, sai in an sauko inda alƙaluma suka nuna akwai jama'a, ba inda aka ga kujera ba kowa ba. Son shugabanci, wanda malaman tasawwufi suka ce shi ne ciwon da ya fi jinkirin fita daga zuciya, yana iya sa wa kansa rigar haƙuri har mai shi ya kasa gane shi.

Mai karatu zai ce to mu fa, tun da mu ma muna da namu masu yawan tsayawa. Muna da su, kuma tarihinsu bai saɓa wa wannan ba. Malam Aminu Kano, Allah ya ji ƙansa, ya nemi majalisar tarayya a 1954 bai samu ba sai a 1959, tsakanin nan kuwa ba zaman jira ya yi ba, NEPU yake ginawa gari-gari. Muhammadu Buhari ya sami ƙuri'a miliyan 12 da ɗoriya a 2003, ya sake samun miliyan 12 da ɗoriya a 2011, wato shekara takwas yana tsaye a wuri ɗaya. Abin da ya kai shi miliyan 15 a 2015 shi ne haɗakar jam'iyyu ta 2013 da ta kawo masa yankin da bai taɓa samu ba. Amma akwai matakala biyu da Sanders ya taka waɗanda namu matasan ba su da su, kuma bai kamata a yi musu wa'azi da labarinsa a ɓoye musu wannan ba. Ta farko, tsarin mulkinmu na 1999 bai yarda mutum ya tsaya takara ba sai jam'iyya ta ɗauki nauyinsa. Ta biyu, ƙaramar kujerar da mutum zai sauko ya nuna aikinsa a kai, wato ƙaramar hukuma, zaɓenta yana hannun hukumar zaɓe ta jiha, kuma kowa ya san yadda aka saba: jam'iyyar gwamna ta kwashe duka, ko ta bar ɗaya don kunya. A Burlington jam'iyyar da ke riƙe da gari shekara da shekaru ce aka kayar da ƙuri'a goma, aka sake ƙirgawa a gaban kowa, goman nan ta tsaya, mai mulki ya tattara takardunsa ya fita. In da za a tambaye ni wane ne gwarzon wannan labari, da sai in yi jinkiri tsakanin wanda ya ci da waɗanda suka ƙirga.

Sauran tarihin sananne ne, ba sai na tsawaita ba. Ya yi shekara 16 a Majalisar Wakilai, ya ƙi yaƙin Iraƙi a 1991 da 2002, a 2006 ya koma Majalisar Dattawa, kujerar da ya fara nema shekara 34 da suka wuce da kashi 2, ya same ta da kashi 65 a kan wani attajiri da ya zuba miliyoyin daloli daga aljihunsa. Ya nemi tutar Dimokurat ta shugaban ƙasa a 2016 da 2020, Clinton ta kayar da shi, Joe Biden ya kayar da shi, bai sake nema ba. Sai dai littafin hisabin da Sugarman ya buɗe masa bai rufe ba, kuma wanda ya yi suna da karanta shi ba shi da uzurin kau da kai yanzu da shafin ya juya. A 2012 ya sami kashi 71, a 2018 kashi 67, a 2024 kashi 63, a wannan karo na ƙarshe ma Kamala Harris, 'yar takarar shugaban ƙasa ta Dimokurat wadda ta faɗi a ƙasa baki ɗaya, ta ɗan fi shi kaso a cikin Vermont ɗinsa. Ya tsaya zaɓen nan yana da shekara 83, bayan ciwon zuciya da ya kwantar da shi a 2019, a shekarar da jam'iyyar da yake zama da ita ta sha wahala a kan tsufan ɗan takararta na shugaban ƙasa, Joe Biden, har ta canja shi ana saura wata uku da 'yan kwanaki a kaɗa ƙuri'a. Ya gaya wa 'yan jarida cewa da alama wannan ne wa'adinsa na ƙarshe. Wa'adin zai cika a watan Janairu na 2031, yana da shekara 89.